Yadda ake gyara intanet mai bi ta wayar wutar gida, da abin da za a koma wa idan ya ƙi gyaruwa

Na'urar powerline ta samu karɓuwa ne saboda sauƙinta. Ka sayi guda biyu, ka soka ɗaya a soket kusa da rauta, ka soka ɗayar a ɗakin da Wi-Fi ba ya kaiwa, sai intanet ya bi wayar wutar da ke cikin bango ya iso maka. Ba huda bango, ba jan kebul. A wasu gidajen haka take aiki shekara da shekaru ba tare da an ko tuna da ita ba. A wasu kuwa da rana lafiya lau, amma da zarar magariba ta yi sai bidiyo ya riƙa tsayawa, taron da ake yi ta intanet ya riƙa yankewa, sai an zare na'urar an mayar kafin ta dawo hayyacinta.

Tushen matsalar guda ne. An shimfiɗa wayarin gida ne don ya ɗauki wuta mai kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Ita kuwa na'urar tana ɗora masa sigina mai kaɗawa sau miliyoyi: tsarin HomePlug AV na shekarar 2005 yana aiki daga kusan megahaz 2 zuwa 30, AV2 na 2012 kuma ya kai har 86. Wayar wuta ba a murɗe take bibbiyu kamar kebul ɗin intanet ba, ba ta da abin da ke kare ta daga hayaniya, kuma ta rarrabu rassa-rassa zuwa kowane soket da kowane kwan fitila. Duk abin da aka jona a gidan yana zuba tasa hayaniyar a kanta. Kamar mutum biyu ne ke son yin hira a cikin masana'anta: idan injuna sun yi shiru sai su ji juna, idan aka tayar da su sai maimaici da "me ka ce?". Shi ya sa nake ganin daidai ne a ba na'urar dama ta gwaji na yini ɗaya ko biyu, a bi matakan da ke ƙasa, amma kada a shafe watanni ana lallashinta.

Mataki na farko: tabbatar cewa laifin nata ne

Sau da yawa ana ɗora wa powerline laifin kamfanin da ke ba da intanet, ko na rauta. Kafin ka taɓa komai, ka raba su.

Ɗauki kwamfuta ka jona ta da kebul a na'urar da ke ɗaki mai nisa, sannan ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar gaba ɗaya, don kada ta zagaya ta can ba ka sani ba. A Windows ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Nemi layin da aka rubuta Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautarka, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Sai ka rubuta ping -t ka bi shi da wannan lambar. A Mac da Linux ba a buƙatar -t, da kansa yake ci gaba. Buɗe taga ta biyu ka yi haka nan ga 8.8.8.8, wanda adireshin Google ne da ke wajen gidanka. Jera tagogin biyu gefe da gefe ka bar su suna tafiya.

Kowace daƙiƙa layi ɗaya zai fito, ɗauke da lokacin da saƙo ya ɗauka kafin ya je ya dawo. A kan kebul zalla za ka ga ƙasa da milisakan ɗaya. A kan powerline mai lafiya za ka ga 'yan milisakan kaɗan, yawanci ƙasa da 10, kuma ba sa tsalle sosai. Marar lafiya kuwa sai ka ga 4, 5, 4, can sai 180, sai 600, sai layi uku a jere na "Request timed out", sannan ya koma 5 kamar ba a yi komai ba. Wannan tsallen shi ne ke sa murya ta yanke a kira, ko da gwajin sauri ya nuna maka lamba mai kyau.

Karatun sakamakon mai sauƙi ne. Idan tagar rauta tana amsawa daram amma ta 8.8.8.8 na faɗuwa, matsalar daga rauta zuwa waje take, sai ka kira masu ba ka intanet. Idan duka biyun suna faɗuwa tare, to a cikin gida take. Ka yi gwajin a lokacin da abin ya saba lalacewa, domin gwajin safe ba zai nuna maka ciwon dare ba.

Mataki na biyu: kawo su ɗaki ɗaya

Zare na'urar da ke nesa ka kawo ta ɗakin rauta, ka soka ta a soket mafi kusa da 'yar'uwarta. Maimaita ping ɗin, ka kuma auna sauri. Idan kana da kwamfuta biyu, manhajar iperf3 ta fi dacewa, don tana auna abin da ke tsakanin na'urorinka kaɗai. Idan babu, kwafe babban fayil daga wannan zuwa waccan ya isa.

Abin da ka samu a nan shi ne iyakar ƙoƙarin na'urorin, ba za su taɓa wuce shi a wani ɗaki ba. Idan a nan ma suna yankewa, canza gajerun kebul ɗin da ke jone da su, domin su ma suna lalacewa. Idan bai gyaru ba, ɗaya daga cikinsu ta gaji. Na'ura ce da ke kwana tana wuni a jikin wuta, tana ɗaukar zafi, kuma kayan cikinta suna tsufa.

A nan ne kuma ya kamata a faɗi gaskiya game da lambar da ke jikin kwali. AV600, AV1000, AV2000, duk lissafin sigina ne a yanayi mafi kyau, kafin a cire abin da ake kashewa wajen gyara kurakurai da jiran layi. Abin da ke isowa kwamfuta yakan zama ƙasa da rabi, a gida na gaske ma ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Da yawa daga cikin masu lamba AV500 da AV600 ramin kebul ɗinsu na megabit 100 ne kacal, wato ko da wayarin ya fi kowane kyau ba za su wuce haka ba. Ƙari a kan haka, duk na'urorin da ke gidan hanya ɗaya suke rabawa, ɗaya na magana sauran na jira, don haka ƙara ta uku da ta huɗu yana rage wa kowa rabonsa.

Mataki na uku: a jikin bango kai tsaye

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa kuma ya fi saurin gyaruwa. Kada a soka na'urar a ekstenshan, musamman mai kariya daga hauhawar wuta, haka nan bayan UPS ko sitabilaiza. Matatar da ke cikin waɗannan an yi ta ne don ta shanye duk wani kaɗawa mai sauri da ke kan layi, kuma a wurinta siginarka ma datti ce. Idan soket ɗaya ne tal a wurin, nemi na'ura mai soket a bayanta, ka soka ta a bango, sannan ka jona ekstenshan ɗin a jikinta. Yawancin irin waɗannan suna da matata a soket ɗin nasu, wadda ke tare hayaniyar abin da aka jona kada ta koma cikin bango.

Mataki na huɗu: farautar mai hayaniya

Mayar da na'urar ɗakinta, bar ping yana tafiya, ka fara zare kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Bayan kowace zarewa ka dakata kamar minti ɗaya kana kallon lambobin. Fara da abin da ke soket ɗaya da na'urar ko kusa da ita, domin hayaniyar da ke kusa da mai karɓa ta fi ta nesa illa.

Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne caja marasa inganci na wayar hannu da na kwamfuta, kwan LED masu araha, makunnin rage hasken fitila, da duk abin da ke da mota a ciki: firiji, na'urar sanyaya ɗaki, injin wanki, famfon tura ruwa. Mutane sukan yi mamakin yadda ƙaramar caja guda za ta durƙusar da layin gida gaba ɗaya, alhali babbar talabijin ba ta yi komai ba. Girman abu ba shi ne ma'auni ba, ingancin matatar da aka sa masa ne.

Idan kana da rediyo mai kama matsakaicin zango ko gajeren zango, zai taimaka maka. Juya shi zuwa inda babu tasha, ka riƙa kusantar da shi ga caja da fitilu. Wanda ya fi sa shi ƙugi shi za ka fara zarewa. Kada ka ruɗe idan ka ji ita kanta na'urar powerline tana sa rediyon ƙara, domin zangonta ya hau kan na gajeren zango, wanda ke tsakanin megahaz 3 zuwa 30, kuma masu sauraron tashoshin nesa sun daɗe suna kuka da ita a kan haka.

Abin da ke zuwa ya tafi da kansa ya fi wuyar kamawa. Firiji yana tashi ya kwanta, fitilun waje suna kunnuwa da duhu. Ajiye takarda, duk lokacin da layin ya faɗi ka rubuta ƙarfe nawa ne da abin da aka kunna a gidan. Cikin kwana biyu za ka ga inda bakin zaren yake. Idan ka kama mai laifin, ko dai ka canza shi da mai inganci, ko ka nisanta shi, ko ka jona shi a bayan wancan ekstenshan mai matata da aka hana na'urar shiga. A nan matatar ta zama abokiyarka.

Mataki na biyar: yadda aka yi wayarin

Soket biyu na iya zama bango ɗaya ne ya raba su, amma a waya tafiyar mita hamsin ce: sai sigina ya je akwatin rarraba wuta, ya ratsa bireka, ya shiga wata, sannan ya dawo. Kowace bireka tana rage masa ƙarfi, wasu nau'o'in masu kare mutum daga jan wuta ko tartsatsi kuma sun fi ragewa. Idan gidan mai fes uku ne, kuma ɗakunan biyu ba a kan fes ɗaya suke ba, to siginar tana tsallakawa ne kawai ta inda wayoyin suka kusanci juna, da ƙyar. Haka nan idan an ware wasu soket an sa su a layin inbata, wasu kuma aka bar su a layin waje, na'urorin biyu na iya ganin juna da safe su ɓace wa juna da zarar an sauya layi. Ita kanta inbata tushen hayaniya ce.

Akwai kuma batun wayar ƙasa. Na'urorin AV2 masu lamba 1200 zuwa sama suna samun ƙarin saurinsu ne ta amfani da wayoyi ukun duka. Idan soket ɗin ba a jona masa wayar ƙasa ba, kuɗin da aka ƙara a kansu bai sayi komai ba.

Abin da za ka iya yi da hannunka shi ne gwada kowane soket da ke ɗakin da ma na maƙwabcinsa. Yawancin kamfanoni suna da manhajar da ke nuna ƙarfin haɗin da ke tsakanin na'urorin, kamar tpPLC ta TP-Link. Rubuta lambar kowane soket ka zaɓi mafi girma. Wani lokaci bambancin soket biyu a ɗaki ɗaya ya kai ninki biyu. Akwatin rarraba wuta kuwa kada ka buɗe shi. Mayar da layi daga wani fes zuwa wani aikin ƙwararren mai wayarin ne, kuma idan har za ka kira shi, gara ka tambaye shi batun jan kebul tun da ya zo.

Mataki na shida: saituna

Wannan ba ya cin lokaci. Shiga manhajar ka kashe yanayin tattalin wuta, domin wasu na'urorin suna yin barci idan layi ya yi shiru su kasa farkawa. Idan matsalarka ita ce kullum da safe sai ka zare ka mayar, to da alama ita ce wannan. Sabunta manhajar cikin na'urorin duka. Sannan ka mayar da su yadda suka fito daga kamfani, ka sake haɗa su ta danna maɓallin haɗi a ɗaya, ka danna na ɗayar cikin minti biyu. Yin haka yana ba su mabuɗin sirri nasu na kansu. Idan ba a yi ba, suna nan a kan sunan da kowace ke fitowa da shi, kuma a gidan haya mai hawa-hawa suna iya haɗuwa da na maƙwabci.

Kada a gauraya tsarin G.hn da HomePlug a gida ɗaya: ba sa jin yaren juna, kuma suna takura wa juna a kan waya. AV da AV2 suna haɗuwa, amma a kan saurin ƙaramar. Idan kuma intanet ɗinka na shigowa ta wayar tarho da tsarin VDSL, zangonsu ya haɗu, don haka ka nisanta wayar tarhon daga ta wuta, ka kuma duba ko manhajar tana da saitin rage wannan karo.

Idan ka yi duk waɗannan ping yana nan yana faɗuwa, ka haƙura. Sayen wata mai babbar lamba ba kasafai yake warkar da yankewa ba, domin wayarin da hayaniyar suna nan yadda suke.

Kebul na gaske

Shi ne zaɓina na farko, na biyu ma shi ne. Kebul ɗin Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100, zuwa da dawowa a lokaci guda, kuma bai damu da firiji ko caja ba. Cat6 yana iya kai gigabit 10 a kan kusan mita 55. Abin da ke hana mutane shi ne tunanin sai an farfasa gida, alhali sau da yawa kebul ɗaya tal ake buƙata.

Fara da neman hanya: ta cikin silin, ta gindin bango a cikin siririn bututun roba mai murfi, ta ƙarƙashin ƙofa da kebul mai faɗi, ko ta waje a zagayo a shigo ta ƙaramin rami. Auna hanyar da igiya ka ƙara 'yan mitoci. Wajen saye ka tabbatar jan ƙarfe ne zalla. Wanda aka rubuta wa CCA alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa da wuri kuma bai dace da ɗaukar wuta ba. Idan zai bi waje, sai mai jure rana da ruwa. Kada ka haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta, ka ba su tazara, inda dole su haɗu kuma su gitta juna. Kada a lanƙwasa shi da ƙarfi, kada ƙusa ta matse shi.

Idan kai za ka ɗaura kan da kanka, bi tsarin T568B a ɓangarorin biyu. Riƙe kan, harshensa na kallon ƙasa, ka jera daga hagu: fari mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kada ka warware murɗin fiye da ɗan abin da zai shiga kan, kuma ka duba ta jikin robar ka ga kowace waya ta kai ƙarshe kafin ka matse. Idan ka gama kwamfuta ta nuna 100 maimakon 1000, to ɗaya daga cikin takwas ɗin ba ta kama ba: megabit 100 wayoyi huɗu kawai yake buƙata, gigabit kuwa sai duka. Yanke ka sake.

A ƙarshen kebul ɗin sai ka sa ƙaramar na'urar raba layi idan kayan suna da yawa, ko na'urar watsa Wi-Fi. Tsohuwar rauta ma za ta yi, muddin ka kashe mata DHCP ko ka sa ta a yanayin watsawa kawai. Ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babbar.

Kebul ɗin eriya

Idan an riga an ja kebul ɗin talabijin zuwa ɗakuna, akwai na'urorin MoCA. Yadda ake jona su kamar powerline ne, amma kebul ɗin eriya yana da rufin ƙarfe kuma don irin wannan sigina aka yi shi, shi ya sa yake tsayawa daram. MoCA 2.5 yana kai gigabit 2.5 a lissafi. Yana aiki ne daga megahaz 1125 zuwa 1675, wanda ya faɗa cikin zangon da dish ɗin tauraron ɗan'adam ke amfani da shi, 950 zuwa 2150, don haka ba za su zauna a kebul ɗaya ba. Duba mararrabar kebul ɗin ta iya wuce wannan zango, ka kuma sa matata a inda layi ke shigowa daga waje don siginar kada ta fita.

Idan ba a yarda a huda ko a ja komai ba

Mai haya sau da yawa ba shi da zaɓi sai Wi-Fi. Kafin sayen komai, fito da rauta daga bayan talabijin ko cikin kabad, ka ɗaga ta sama a tsakiyar gida. Idan bai isa ba, tsarin mesh ya fi ƙaramar na'urar maimaita sigina, wadda ke karɓa da aikawa da rediyo ɗaya har sauri ya ragu kusan rabi. Mesh mai zango uku yana ware ɗaya don maganar na'urorin a tsakaninsu. Inda aka fi kuskure shi ne wurin ajiyewa: ana kai ta biyun cikin ɗakin da babu sigina, alhali ita ma ba ta da abin da za ta karɓa a can. Ajiye ta a tsakiyar hanya, inda wayarka ke nuna sigina mai ƙarfi har yanzu. Bangon kankare mai rodi yana cin zangon gigahaz 5 sosai, don haka ka nemi layin da ya bi ta ƙofofi da baranda.

Tsakanin gini biyu

Nan ne powerline ta fi kasawa, musamman idan kowane gini da mitarsa ko akwatinsa. Nan ne kuma ban so a ja kebul na jan ƙarfe a sararin sama, saboda tsawa da bambancin wayar ƙasa ta ginin biyu na iya ƙona kayan da ke ɓangarorin duka. Zaren gilashi ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Ana sayar da shi an riga an ɗaura masa kai, sai a zura shi a bututu, a sa ƙaramar na'urar da ke juya haske zuwa kebul a kowane gefe. Idan haƙa ba zai yiwu ba, sai na'urorin rediyo biyu na waje masu fuskantar juna, a kafa su sama inda babu itace ko bango a tsakani. Duk wanda ka zaɓa, ka buɗe tagogin ping ɗin nan biyu a daidai lokacin da layin ya saba faɗuwa, ka bar su awa guda, sannan ka danna Ctrl da C ka duba adadin saƙonnin da suka ɓace. A kan kebul, zaren gilashi ko MoCA, sifili ya kamata ka gani a tagar rauta.